Ɗaki Mai Kicin a Bin Mahmud

Hotunan wurare biyu mijina ya turo mini a waya, ya ce in duba in zaɓa. A lokacin ina Funtuwa, a gidan mahaifiyarsa, inda nake zaune tun da ya tafi Doha aikin tuƙi. An daɗe ana neman bizar ziyara ba ta samu ba, sai da ubangidansa, wanda a can suke kira kafil, ya sa baki. Shi ne kuma ya yi masa alƙawarin hutu, da aron tsohuwar motar gidan don ya zagaya da ni in ga ƙasa. Abin da ya rage shi ne masauki. Mijina ɗakin bakin get yake kwana a gidan da yake wa aiki a Al Thumama, shi da wani direba ɗan Indiya, ba kuwa wurin da za a kai mace ba ne.

Na farko otal ne. Ɗaki ne can sama, da farin labule har ƙasa, ta taga ana hango teku da jiragen katako a jere a bakin Kornish, titin da ya bi gaɓar teku. Na biyu wani sashe ne a cikin bene a unguwar Bin Mahmud, irin wanda ake ba baƙi haya na ɗan lokaci da kayansa a ciki. Akwai falo, da ɗakin kwana, da kicin. Wanda ya ɗauki hoton bai ma damu ya gyara labule ba. Ta tagar falon ba a ganin komai sai bangon wani benen, da akwatunan esi, na'urar sanyaya ɗaki, manne a jikinsa.

Ni kuwa a kan littattafan soyayya na tashi. Tun ina sakandare nake karɓo su haya a wani shago kusa da tasha. A cikinsu in miji ya fita da matarsa ƙasar waje, otal suke sauka. A ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, a turo abinci a rufe, ita kuma tana tsaye a bakin taga iska na kaɗa mata mayafi. Ban taɓa karanta inda aka kai wata ƙasar waje aka nuna mata wurin wanke-wanke ba. Hoton otal ɗin nan sai da na kalle shi har na haddace zanen da ke jikin kafet ɗinsa.

Amma da ya kira ya tambaye ni, sai na ce, "Duk wanda ka ga ya dace."

Haka aka koya mana mu amsa. Kuma a raina na tabbata zai gane, domin mazan cikin littafi ba a gaya musu abin da ake so, a murya suke jinsa.

Washegari ya ce ya kama na Bin Mahmud. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Unguwar tana tsakiyar gari, daga nan kowace babbar hanya kusa take. Ƙasar ba ta da girma, duk inda za mu je, arewa ko kudu, za mu fita da safe mu dawo mu kwana, ba sai mun riƙa ɗaukar kaya ba. Akwai wurin ajiye mota, akwai masallaci a bayan benen, ga kantuna a ƙasa. Bayanin direba ne zalla. Na ce Allah ya sanya alheri, na kashe wayar, na shiga ɗaki na ɗan yi kukana.

Ban daɗe ina baƙin ciki ba, domin zuciya irin tawa ba ta zama babu mafarki. Sai na ce wa kaina, ai kicin ya zaɓa. Mutum ya shekara da shekaru bai ci girkin matarsa ba, me zai so ya wuce wannan? Nan take na gina wani sabon labari, ni ce a ciki ina ajiye masa tuwo, shi kuma yana lumshe ido a lomar farko. Ni da Inna, mahaifiyarsa, muka zauna muka haɗa kaya. Kuka sabon daka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, da man shanu a gwangwani. Inna ta riƙa naɗe daddawar cikin leda a kan leda tana cewa kada in je in kori mutanen jirgi.

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba. Zaman da muka yi da shi bayan aure bai kai shekara ba ya tafi. In ya zo hutu, gida cike yake da masu zuwa gaisuwa, kafin mu saba ya koma. Na san yana kula da ni, ban taɓa rasa wani abu ba. Amma ban san ko yana da bukatata ba. Mutumin ya gina rayuwarsa a wata ƙasa ba tare da ni ba, kuma abin da zan je dubawa shi ne ko akwai inda zan shiga a cikinta.

Lokacin sanyi na sauka. Yana tsaye a wurin masu tarba cikin farar riga mai guga, ya rame kaɗan, ya yi haske. Muka gaisa kamar a gaban surukai. Ya karɓi akwatina, muka isa mota, ya buɗe mini ƙofa ya tsaya riƙe da ita har na shiga. Na yi murmushi, domin wannan kam na karanta shi. Sai da ya rufe ya zagaya ya zauna na lura ƙofar baya ya buɗe mini. Daga filin jirgi har Bin Mahmud ƙeyarsa nake kallo. Lokaci-lokaci ya ɗaga ido ya dube ni ta madubi, ya tambaya ko esi bai yi mini yawa ba.

Gidan ya fi hotonsa kyau, gaskiya. Akwai tsabta, kicin ɗin ɗan ƙarami ne amma da komai, murhun lantarki, firij, tukwane masu sheƙi, har da tukunyar da ke dafa shinkafa da kanta. Abin da ban zata ba shi ne ƙamshin da ya tarbe ni. Ya riga ya yi girki. Shinkafa ce da wata miyar jan wake ƙanana, da kaza, ya ce abokin ɗakinsa ɗan Indiya ya koya masa. Ya zuba mini, ya kawo ruwa, ya tsaya yana kallon ko zan so. Abincin ya yi daɗi, kuma daɗin nasa ne ya fi damuna.

Da na buɗe akwati na fito da ƙullin Inna, ya yi dariya ya ce ashe tsohuwa ba ta canza ba. Ya kwashe su duka, ya miƙa hannu ya jera a kabad ɗin can sama, inda ko na yi ɗage ba zan kai ba.

"Hutu kika zo," in ji shi. "Ki bar waɗannan."

Haka muka fara yawo. Kafin in farka ya dawo daga masallaci, ya dafa shayi irin nasu mai kauri da madara, ya soya ƙwai, ya zuba abincin rana a kula. In na tashi zan wanke kofi sai ya karɓe. Kayansa shi yake wankewa ya goge, har nawa ya so haɗawa, na hana.

Mun je Wakra, tsohon garin masunta, na ga jiragen katako kwance a kan yashi ruwa ya janye ya bar su. Mun je Al Khor, inda itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, kore shar a tsakiyar ƙasar da babu ciyawa. Na tsaya ina kallonsu na ji kamar in yi magana mai daɗi, na juya, sai na gan shi can baya yana goge gilashin mota. A Shahaniya na ga raƙuma suna tsere da wasu 'yan na'urori ɗaure a bayansu a madadin mahaya, masu raƙuman kuma suna binsu a gefe cikin motoci suna ta danna hon. Na yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi murmushi, ya ce ya sha kawo baƙin gidan su gani. Ko'ina ya san inda ake tsayawa a ɗauki hoto, ya san inda bayan gida mai tsabta yake. Yana yi mini bayani a hankali, da ladabi, kamar yadda na tabbata yana yi wa baƙin ubangidansa. Da yamma mu koma Bin Mahmud ta cikin shingayen gine-gine, domin a shekarun nan duk garin tono ake yi ana gini. Ya shiga kicin, ni kuma in zauna a falo ina kallon bangon maƙwabta.

Maganarmu ba ta wuce kin gaji, kin ƙoshi, a rage esi. Ban rasa komai ba. Da wata ta ba ni labarin mijinta yana mata haka, da na ce ta dace. Amma ni na zo da hannuwa biyu, kuma an rasa abin da za a ba su su riƙe.

A hanyarmu ta zuwa Zubara, can arewa inda tsohuwar ganuwa take, muka tsaya shan mai. Wani direba ɗan Sakkwato da ya sani ya hango shi, ya zo suka tafa. Sannan ya sunkuyo ta tagar baya ya gaishe ni da Larabci, hannu a ƙirji, ya juya ya tambayi mijina a hankali ko sabuwar madam ce aka ba shi. Mijina ya kawar da kai. Ya ce iyalinsa ce. Mutumin ya kama baki, ya shiga ba da haƙuri, ya ce to Malam ai kai ne da laifi, wa ya ce ka ajiye ta a kujerar masu gida? Bayan ya tafi, na buɗe ƙofa da kaina na dawo gaba. Ya kwashe takardu da kwalbar ruwa daga kujerar da sauri. Na zaci daga nan komai zai warware. Bai warware ba. Yanzu gefen fuskarsa nake kallo a maimakon ƙeya, amma shirun yana nan.

Ana cikin haka wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Daga gidan aiki ne. Ɗayan direban ba ya jin daɗi, ga uwargidan tana da unguwa. Ina jin muryar daga inda nake zaune, yalla yalla, wato maza maza. Ya miƙe tsaye yana amsawa, ko da yake babu mai ganinsa. Ya ba ni haƙuri ya fi a ƙirga, ya nuna mini abin da ya ajiye a firij da yadda zan ɗumama, ya ce kada in wahalar da kaina, zai dawo kafin magariba.

Ƙarar rufe ƙofarsa ba ta gama mutuwa ba na jawo kujera zuwa kicin. Na hau na sauko da ƙullin Inna. Da na kwance ledar daddawa, warinta ya buge ni, sai na ji ƙafafuna sun taka ƙasa a karon farko tun da na zo. Amma babu gari, babu muciya, sai wani siririn cokalin katako da ko kunu ba zai dama ba. Na saka hijabi na sauka kantin da ke ƙasa, ko da yake tun da na zo ban taɓa fita ni kaɗai ba.

Ina tsaye gaban ledojin gari iri-iri, ina juya su ban san wanne ne wanne ba, sai na ji an ce daga bayana, da Hausa, "In tuwo za ki yi, ajiye wannan. Ɗauki na ƙasan."

Na juya. Wata mata ce gajeriya mai jiki, da kayan asibiti a ƙarƙashin rigar sanyi, da ɗan gicciye a wuya. Na tambaye ta yadda aka yi ta san tuwo zan yi.

"Ke 'yar'uwa, tun daga ƙofa na ji daddawa. Na ce yau ko gajiya ce ta taɓa mini kai, ko wata ta zo daga gida."

Nas ce, 'yar Kafanchan, ta daɗe a Doha, kuma a benenmu take, hawa ɗaya a ƙasa da mu. Daga aiki ta taso. Ta zaɓar mini garin semo, ta nuna mini naman da zai yi daɗin miya, ta yi ciniki da mai kantin da wani yare da ta haɗa daga Larabci da Turanci da hannu. Muka hau tare, ta shiga ɗakinta ta fito da muciya, ta gaske, wadda bakinta ya cinye saboda aiki. Ta ce daga gida ta zo da ita, kuma da aka tambaye ta a filin jirgi sandar mece ce, ta ce musu ta ladabtar da likitoci ce. Sharaɗinta ɗaya, a ba ta miya.

Maimakon ta je ta kwanta, sai ta biyo ni. Ta zauna a kan kujerar da na taka, ta cire takalmi, muna hira ina yanka albasa. Ban san lokacin da na gaya mata komai ba, har da kujerar baya. Ta yi dariya sosai. Ta ce kada in ɗauka da zafi, aikin nan shiga jikin mutum yake yi. Ita ma da ta je gida hutu, mamanta ta ce tana yawo a tsakar gida kamar mai zagayen marasa lafiya, tana tambayar kowa ko ya sha magani.

Murhun lantarki ba ya jin magana irin ta itace. In ka rage shi, sai ya ɗauki lokaci yana tunani. Ruwan ya tafaso ya zube, na talga garin a gaggauce, na tuƙa iya ƙarfina tukunyar tana zamewa a kan murhu, maƙwabciyata ta riƙe mini ita da tsumma. Miyar kam ta yi yadda nake so. Sai da na zo soya man shanu da albasa ne abin ya ɓaci. Na juya baya kaɗan, hayaƙi ya tashi, sai wata 'yar na'ura da ke manne a silin ta fasa ihu, irin ihun da ban taɓa ji ba. Na saki cokali na yi falo da gudu ina salati. Ita kuwa ko a jikinta. Ta kashe murhu, ta buɗe taga, ta zare ɗankwalina daga kaina ta shiga yi wa na'urar fifita har ta yi shiru. Mai gadin benen ya hau yana haki, ta tare shi a ƙofa tana cewa khalas, khalas, wato shi ke nan, ba gobara ba ce, abinci ne. Ya shaƙi iskar falon, ya dube mu kamar bai yarda abinci ba ne, ya sauka.

Ta tafi da miyarta a kwano da malmala biyu. Na yi wanka, na saka atamfar da na ɗinka don wannan tafiya, na shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa a falo, na bar teburin da muke ci a kai.

Ya shigo ana kiran magariba. Ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, bai ƙarasa sallamar ba. Ya dubi shimfiɗar, ya dubi ƙofar kicin. Ya tambaya wa ya sauko mini da kayan, na ce kujera. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Da ya dawo ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa. Na zuba masa, na yaryaɗa man shanun da na sake soyawa, na koma gefe na zauna ina jiran ya lumshe ido.

Bai lumshe ba. Ya ci, ya ci, kansa a sunkuye, kamar mai aikin da ba ya so a katse shi. Sai da ya kusa cinye malmala ta biyu ya ɗago, yana murza wani abu tsakanin yatsunsa.

"Tuwon nan da gudaji," in ji shi.

Na ji abin har tsakiyar kaina. Duk ladabin da na riƙe tun daga filin jirgi ya zube. Na ce masa ya je ya tuƙa tuwo a wannan murhun nasa in gani. Na ce tun da na zo ya mai da ni kamar kayan gilashi, ya hana ni taɓa ko cokali, ya ɓoye mini kayan miya a inda ba zan kai ba. Na ce in shinkafar ɗan Indiya ta ishe shi, ya gaya mini in koma in ci gaba da yi wa Inna girki, ita ta san amfanina.

Ya daɗe yana kallona, hannunsa a cikin kwano. Sannan ya ce shi ya san abin da nake yi a gida. Ya san ni ce a kan murhu safe da yamma, ni ce jinyar Inna, ni ce hidimar ƙannensa. Ya ce ya yi wa kansa alƙawari in na zo ko tsinke ba zan ɗaga ba.

"To me ya sa ka kama gida mai kicin?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗan yi dariyar da ba ta fito sosai ba.

"So nake in zauna a falo in ji ana motsi a kicin, in san matata ce. Shi ke nan. Da na kama kuma sai kunya ta kama ni. Na ce an kira mace hutu, a tarbe ta da tukunya?"

Na ce masa ni fa otal ɗin nake so, mai farin labule. Ya zaro ido ya ce to me ya hana in faɗa? Na ce abin da ya hana shi faɗa. Can ya turo kwanon gabana, ya ce in ƙaro masa miya, kuma in kawo nawa kwanon nan kusa, in daina zama can kamar baƙuwa.

Daga ranar gidan ya zama gida. Da safe ya tambaya me za a dafa, ya sauka cefane, ya dawo ya manto tattasai, in mayar da shi. Ya sayo kifin da ban san kansa ba, mu yi musu a kan yadda za a yi da shi. Bai daina shiga kicin ba, shayi dai nasa ne har na koma gida, amma yanzu in ya daɗe ina iya cewa ya fita ya ba ni wuri. Ni nake haɗa guzuri. Muka riƙa tsara yawonmu yadda za mu dawo da sauran rana, saboda a ɗora tukunya. A nan na gane gaskiyar bayaninsa na direba, duk inda muka je gida bai yi nisa ba.

A Dukhan, can yamma, muka shimfiɗa tabarma a bakin teku muka ci dafa-duka da yajin Inna, iska na neman kwashe mana leda. A nan ya fara ba ni labarin da ba na baƙi ba. Yadda ya ɓata a shataletalen garin a watanninsa na farko, yana zagayawa yana zufa, uwargida na masifa a baya. Yadda ya yi sallarsa ta farko a cikin mota a ƙofar wani gida, yana jiran a fito, da biskit da ruwa. Yadda ya kwanta zazzaɓi bai gaya mana ba, ɗan Indiyan nan ya riƙa dafa masa shinkafa mai ruwa yana ba shi, daga nan ne ma ya koyi girkin. Na ji kunyar haushin da na riƙa ji na wannan bawan Allah, har na zuba miyar kuɓewa a kula na ce a kai masa. Ni ma na gaya masa nawa, waɗanda a waya nake cewa lafiya lau. Wasu ya yi dariya, wasu ya zuba wa ruwa ido.

Kornish ma mun je, da yamma, muka taka a ƙasa cikin masu tafiya da masu gudu. Ya nuna mini otal ɗin daga nesa. Yana da kyau ƙwarai, ba zan ce ba shi da kyau ba. Na kalle shi sosai, sannan na tuna na jiƙa wake, na ce mu tafi.

Ana gab da komawata ya shirya mana tafiya mafi girma. Akwai wani wuri can kudu inda teku ke shigowa tsakanin tuddan yashi, ba a zuwa sai da babbar mota, kuma wani abokinsa ya yarda zai kai mu. Ya ce duk abin da na gani a baya ba komai ba ne in aka kwatanta. Na ƙagu in gani. Na tashi da wuri na soya nama, na dafa shinkafa da wake, na cika fulas. Ya shirya, ya ce zai jira ni a falo.

Da na fito da kulolin a hannu, na same shi kwance a kan kafet, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, safa ɗaya a ƙafa ɗayar a hannunsa. Barci yake, baki a ɗan buɗe, har da minshari. Tun da na zo ban taɓa ganin barcinsa ba. Kullum shi ne a tsaye, a shirye, kunne a kan waya. Na tsaya a kansa ina kallon furfura 'yan kaɗan da suka fito masa a gefen kunne, waɗanda hoto bai taɓa nuna mini ba.

Wayarsa ta fara haske a kan kujera, abokin ne. Na ɗauka da sauri na shige kicin, na ja ƙofa. Na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ce maigidan ya ɗan kwanta kuma ba na so in tashe shi. Mutumin ya yi dariya ya ce in bar shi, rabonsu da irin wannan barcin su duka an daɗe.

Na rage esi, na lulluɓa masa mayafina. Na ɗauko tire da sauran waken da ban tsince ba, na zauna a ƙofar kicin inda zan riƙa ganinsa, ina tsinta a hankali. Rana ta zagayo ta faɗo a kan bangon maƙwabta, tantabaru suna sauka a kan akwatunan esi suna tashi. Har yau ban ga wurin nan da teku ke shiga yashi ba. An ce yana da kyau, kuma na yarda. Ni dai in na tuna Doha, wannan safiyar nake fara tunawa, in gode wa Allah da ya sa ba ni na zaɓi masaukin ba.

Sai da aka kira azahar ya farka a firgice, yana laluben waya, yana tambayar ƙarfe nawa. Da ya gane abin da ya faru ya ɓata rai sosai, ya ce na sa ya yi wa mutum alƙawari ya saɓa, kuma na yi wa kaina asarar ganin wuri. Na ce na ji, ya je ya yi salla ya zo, abinci na hucewa. Ya tafi yana ƙunƙuni. Da ya dawo muka buɗe kulolin a tsakiyar falo, muka cinye guzurin tas.